Gyaran Makaranta Ta Hanyar Ƙananan Rukunan Karatu: Bayani Ga Al'ummar Goronyo, Wurno Da Rabah

Kamar yadda jama'a suka sani, an kammala ginin Madatsar Ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarar 1984, aka kuma ƙaddamar da ita a 1992. Tsawon madatsar ya kai kilomita 12 da rabi, kuma an gina ta ne domin ta riƙe ruwan da ya haura mita miliyan 900 na awon cikin tafki. Da wannan ruwa ne ake noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama a fadamun da ke ƙasa da ita, daga cikinsa ne kuma birnin Sakkwato ke samun kaso mai yawa na ruwan sha. Albarkar ruwan ta sa jama'a sun bazu a ƙauyuka da tungaye da rugage, kowa yana kusa da gonarsa ko komarsa ko garkensa. Wannan bazuwa alheri ce ga noma, amma tana da wuyar sha'ani ga makaranta, domin tsarin makarantar da muka gada an yi shi ne da tunanin gari guda, gini guda, da yara masu zuwa a sa'a guda.

Manufar wannan bayani ita ce mu fayyace wa iyaye da malamai da uwayen ƙasa da jami'an ƙananan hukumomi wata hanya ta gyaran makaranta da masana ilimi ke kira ƙananan rukunan karatu, mu duba abin da aka gwada a nan gida da kuma waje, sannan mu faɗi abin da muke ganin zai yiwu a wannan yanki da malaman da ke hannu a yau.

Abin da ake nufi

Ƙaramin rukunin karatu shi ne a ware adadin yara da bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba, a danƙa su ga malami guda wanda zai zauna da su tsawon lokaci har ya san kowane ɗaya: sunansa, gidansu, inda karatunsa ya tsaya, da dalilin da ya sa bai zo ranar kasuwa ba. Rukunin na iya zama ƙaramar makaranta mai ɗaki ɗaya a tunga, yana kuma iya zama sashe a cikin babbar makarantar firamare ta cikin gari. Abu uku ake nema a tare. Na farko, kada yaro ya ɓace a cikin taro. Na biyu, a koyar da shi daga inda ya tsaya, ko da littafin ajinsu ya wuce nan. Na uku, ɗan makiyayi da 'yar masunci da ɗan gudun hijira su sami irin kulawar da ɗan ma'aikaci ke samu.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a makarantar firamare. Duk wanda ya leƙa aji ɗaya ko aji biyu a manyan garuruwanmu a farkon zango ya san cewa sau da yawa adadin kan ninka haka. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a nan Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, da dokar da ta biyo baya a 2004, an dage wajen shigar da yara makaranta, kuma hakan daidai ne. Sai dai shiga makaranta daban, iya karatu daban. Yaron da ya zauna a bayan aji mai mutum 90 na tsawon shekara uku ba tare da an taɓa kiran sunansa ya karanta layi ɗaya ba, uban da ya cire shi ya kai shi gona ba zai ji ya yi asara ba.

Gadon da ke Wurno

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kuma hujjar tana Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaunar da ribaɗinsa a garin, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake. A cikin shekarun 1830 ne 'yar'uwarsa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shimfiɗa tsarin nan da aka sani da 'Yan Taru. Matsalar da ta fuskanta ta yi kama da tamu ƙwarai: mata ne a warwatse cikin ƙauyuka masu nisa, ba za su iya barin gidajensu su zauna a gaban malami a birni ba, kuma babu isassun malaman da za a aika musu.

Abin da ta yi shi ne ta zaɓi mace dattijuwa mai mutunci daga cikin kowace al'umma, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji kan jagoranci ƙaramin ayari na tsofaffin mata da 'yan mata zuwa wurin Nana Asma'u, su ɗauki karatu a cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci masu sauƙin haddacewa, sannan su koma gida su koyar da matan auren da ba su sami fita ba. Bayan rasuwarta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon wannan aiki daga Wurno.

Idan muka ajiye tarihin muka dubi yadda aka ƙera tsarin, za mu ga abubuwan da masana ke ta nanatawa a yau. Malamar 'yar gari ce, an san ta, ta san kowa. Rukunin ƙarami ne. Harshen koyarwa shi ne wanda ɗalibai ke ji. Tafiyar ana yin ta ne a lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Akwai kuma babbar malama a sama wadda jajis ke komawa gare ta domin ƙarin ilimi da gyara, wato ba a bar ƙaramin rukuni ya zama maraya ba. Wannan batu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa idan ana buɗe ƙananan makarantu a ƙauyuka, kuma za mu koma kansa.

Haka ma makarantar allo, duk da matsalolin da suka dabaibaye ta a wannan zamani, tana riƙe da wata hikima: kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba a wanke allo sai malam ya ji biyawar da kunnensa. Makarantar boko ce ta zo da ƙa'idar cewa yara duka su juya shafi a rana ɗaya, wanda ya gane da wanda bai gane ba.

Abin da gwaje-gwajen waje suka nuna

A jihar Tenesi ta ƙasar Amurka an gudanar da wani babban gwaji daga 1985 zuwa 1989 a kan yara fiye da 11,000. An rarraba su ta hanyar ƙuri'a, wasu a azuzuwa masu yara 13 zuwa 17, wasu a masu 22 zuwa 25. Yaran ƙananan azuzuwa sun fi ƙoƙari a karatu da lissafi, kuma 'ya'yan marasa galihu ne suka fi cin moriyar abin. To amma a lura: abin da suke kira babban aji a can bai ma kai 35 ɗin da manufarmu ke fata ba. Babu wata ƙaramar hukuma a yankin nan da za ta iya ɗaukar malaman da za su mayar da kowane aji mutum 15, don haka wannan gwaji ya nuna mana alƙibla ne kawai.

Akwai kuma darasin gargaɗi. Daga shekarar 2000 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta kashe kimanin dala biliyan 2 wajen raba manyan makarantun sakandare na Amurka zuwa ƙanana. A 2009 shi kansa Bill Gates ya bayyana cewa da yawa daga cikin makarantun ba su kawo wani canji na a zo a gani ba a ƙoƙarin ɗalibai, musamman inda aka raba gini amma yadda ake koyarwa bai sauya ba.

Gwajin da ya fi kusa da halinmu shi ne na yammacin Kenya, tsakanin 2005 da 2007. An ba wasu makarantu ƙarin malami domin su raba aji ɗaya gida biyu, daga yara kusan 80 zuwa kusan 40. Inda aka tsaya ga rabawar kawai, amfanin bai taka kara ya karya ba, har ma wasu tsofaffin malamai suka rage shiga aji tunda an sami mai taya su. Amma inda aka raba yaran bisa matakin karatunsu, masu ƙarfi da masu rauni duka sun ci gaba. An kuma ga ƙarin amfani a makarantun da aka horar da kwamitin iyaye su sa ido a kan zuwan malamai. A ganinmu, wannan shi ne mafi muhimmancin abin da ya kamata shugaban makaranta a Shinaka ko Achida ko Rara ya riƙe: ƙanƙantar aji ita kaɗai ba ta koya wa yaro karatu, sai an haɗa ta da sanin matakin kowane yaro da kuma idon iyaye.

Yadda za a yi da malaman da ke hannu

Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da wata hanya mai sauƙi da ake kira koyarwa daidai da matakin yaro. An fara gwada ta a Najeriya a Jihar Borno a 2018, daga baya ta isa wasu jihohi, ciki har da Kano da maƙwabciyarmu Kebbi. Ana zaunar da yaro shi kaɗai na 'yan mintuna a miƙa masa takarda. Idan bai san baƙaƙe ba, mataki na farko ke nan. Wani ya san baƙaƙe amma ba ya haɗa kalma. Wani yana karanta kalma ɗaya-ɗaya, wani gajeren sakin layi, wani kuma cikakken labari. Da an gama, sai a ware sa'a ɗaya ko biyu a kullum, a manta da lambar aji, yara su zauna bisa matakansu.

Mu ɗauki misali domin a ga lissafin. A ce makaranta tana da yara 150 daga aji uku zuwa aji biyar, da malamai uku. Maimakon kowane malami ya tsaya gaban ajinsa yana karanta littafin da rabin yaran ba sa iya bi, sai malami na farko ya ɗauki duk waɗanda ba su wuce baƙaƙe ba, na biyu ya ɗauki masu haɗa kalma, na uku masu karanta labari. A cikin kowane rukuni kuma a sake kasa yaran gida-gida, mutum shida ko bakwai a kan tabarma ɗaya, da wanda ya ɗan fi su a tsakiya yana ja. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya haye ya matsa gaba. Ba a ƙara malami ko ɗaya ba, ba a gina ɗaki ba, inuwar darbejiya ma ta isa. Abin da ake buƙata shi ne yardar Sakataren Ilimi a sauya jadawalin safiya, da littafin rajista inda aka rubuta matakin kowane yaro kusa da sunansa.

Jihar nan ba ta rasa tushen da za a ɗora wannan a kai ba. A ƙarƙashin shirin NEI Plus da hukumar USAID ta tallafa wa daga 2015 zuwa 2021 a Sakkwato da Bauchi, an horar da malamai kan koyar da karatun Hausa a aji ɗaya zuwa uku da littattafan Mu Karanta!, an kuma buɗe cibiyoyin karatu na unguwa ga yaran da ba sa zuwa makaranta. Shirin ya ƙare, amma malaman da suka sami horon da yawansu suna nan a bakin aiki. Ya dace kowace hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta san su da suna, ta kuma san inda aka tura su.

Jadawalin makaranta da jadawalin fadama

A yankunan da ba su da ruwa, yaro kan ɓace daga makaranta da damina ne. A bakin madatsa kuwa, aiki ba ya yankewa: ana gama girbin damina sai dashen albasa, sai ban ruwa, sai gadin shinkafa daga tsuntsayen jan-baki, wanda galibi yara ne ke yin sa tun da asuba. Faɗa wa manomi ya bar amfaninsa ga tsuntsu domin ƙararrawar ƙarfe takwas magana ce da ba za ta shiga ba.

Wasu ƙasashe sun nemi mafita ta hanyar lanƙwasa makarantar. A ƙasar Kolombiya, tsarin Escuela Nueva da aka soma a 1975 ya kasa darussa kashi-kashi, ta yadda yaron da ya tafi girbi zai dawo ya ɗora daga inda ya tsaya ba tare da an ce ya maimaita shekara ba. A Bangaladash, ƙungiyar BRAC ta fara buɗe makarantu masu ɗaki ɗaya a 1985: yara kimanin 30, mafi yawansu mata, malama guda 'yar ƙauyen wadda ke tafiya da su daga farko har su kammala, kuma iyaye ne ke zaɓar sa'o'in karatu. Babbar makaranta mai yara dubu ba za ta iya sauya lokacinta saboda tunga ɗaya ba, amma rukuni mai yara 30 zai iya komawa bayan azahar na tsawon makonni shida na gadin shinkafa, ya dawo safiya idan an yanke.

Waɗanda aka fi bari a baya

Maganar adalci a yankin nan ta fi shafar 'ya'ya mata. Shirin Ilimin 'Ya'ya Mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, wanda kashinsa na uku ya gudana daga 2012 zuwa 2022, ya yi aiki a wannan jiha, kuma Goronyo da Wurno suna cikin ƙananan hukumomin da aka mayar da hankali a kansu. Daga cikin dabarunsa akwai ba iyaye mata tallafin kuɗi domin rage dogaro da talla, da kuma ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi karatun NCE bisa sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar. Wannan dabara ta biyu, idan aka duba da kyau, jaji ce a cikin tufafin zamani. Uban da ke ɗari-ɗarin tura 'yarsa mai shekara goma sha biyu ta yi tafiyar kilomita huɗu zuwa wurin malamin da bai sani ba, yakan sauko idan ajin yana bayan masallacin unguwa kuma malamar 'yar maƙwabcinsa ce.

Ga makiyaya akwai Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 41 ta 1989, daga baya aka shigar da 'ya'yan masunta masu ƙaura cikin aikinta. Makarantun da ke ƙarƙashin wannan tsari ƙanana ne tun asali, abin da suka fi rasa shi ne malamin da zai zauna da mai zuwa duba shi.

Sai kuma waɗanda bala'i ya raba da gidajensu. Ambaliyar Satumbar 2010 ta share ƙauyuka da dama a ƙasan madatsar. Harin da aka kai Tabanni a Ƙaramar Hukumar Rabah a watan Yulin 2018 ya tura jama'a masu yawa gudun hijira zuwa Gandi, harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 kuma har yanzu yana zukatan mutane. Yaron da ya iso garin da ba nasu ba bayan irin wannan tashin hankali, wataƙila ya yi shekara biyu bai riƙe fensir ba. Idan aka jefa shi aji bisa tsayinsa, kunya za ta kore shi cikin mako guda. Gwajin mintuna biyar da muka ambata a sama, da malami guda da aka ce shi ne mai kula da shi, su ne abu na farko da ya kamata ya tarar.

Hatsarin da ke cikin tsarin

Bai kamata a ɗauka cewa duk ƙaramar makaranta mai kyau ce ba. Akwai ƙananan makarantu a ƙauyukanmu da suka zama ƙanana saboda an yi watsi da su: malami ɗaya da ke zaune a gari, yana zuwa ran da ya sami babur. Irin wannan ƙanƙanta zalunci ce ga yaran karkara, musamman idan aka lura da yadda malamai ke taruwa a makarantun hedkwata suna gudun na nesa. Raba malamai daidai da yawan yara aiki ne na Hukumar SUBEB da Sakatarorin Ilimi, kuma in ba a yi shi ba, sauran maganar duk ba za ta tsaya ba. Haka nan, rarraba yara bisa mataki na iya rikiɗewa ya zama tambarin daƙiƙi a goshin wasu, idan aka bar yaro a rukunin ƙasa zango bayan zango ba a sake gwada shi ba, ko aka tura malami mafi rauni ga yara mafi rauni. Ƙwararren malamin makaranta shi ya kamata ya riƙe masu koyon baƙaƙe.

A matakin ƙaramar sakandare kuma, ba zai yiwu a kai malamin kimiyya da na lissafi kowace tunga ba. A nan abin da ya dace shi ne makarantar ta tsaya babba, amma a kasa ɗalibanta gida-gida, kowane gida da malamin da ke kiran sunansu kowace safiya har tsawon shekaru uku.

Aikin kwamitin makaranta

Kowace makarantar firamare ta gwamnati ana sa ran tana da Kwamitin Kula da Makaranta, wanda ya haɗa mai unguwa ko wakilinsa, da liman, da wakilan iyaye maza da mata, da shugaban makaranta, da wakilan ɗalibai. A wurare da yawa ba a tunawa da kwamitin sai rufin aji ya yaye. Muna ba da shawarar cewa a zaman farko na kowane zango, kwamitin ya nemi shugaban makaranta ya kawo rajista, a karanta a gaban kowa yawan yaran da ke kowane mataki na karatu, maza nawa mata nawa, da sunan malamin da ke riƙe da kowane rukuni. A zaman ƙarshen zango a sake karantawa, a ga nawa suka matsa. Iyayen da ba su yi boko ba za su iya bin wannan lissafi sarai, domin bai fi wuyar lissafin buhunan albasa ba.

Idan yaro ya yi kwana uku a jere bai zo ba, malamin rukuninsa ya sanar da wakiliyar iyaye mata ko mai unguwa a ranar, kafin kwana ukun su zama wata uku. Idan kuma malamin ne ba ya zuwa, kwamitin ya rubuta ranakun, shugabansa ya sa hannu, a kai ofishin Sakataren Ilimi da ke Goronyo ko Wurno ko Rabah, a kuma riƙe kwafi a hannun kwamiti. Al'ummar da ke son a buɗe mata ƙaramin aji a tungarta ko rugarta za ta bi ta wannan ofishi, ɗauke da jerin sunayen yaran da shekarunsu, da nisan makaranta mafi kusa, da wurin da ta tanada, da kuma sunan ɗan gari ko 'yar gari mai shaidar NCE idan akwai.